Maƙabartar Birtaniya ta Tsibirin Ocracoke

Maƙabartar Birtaniya ta Ocracoke wata 'yar ƙaramar maƙabarta ce ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsibirin Ocracoke da ke jihar Carolina ta Arewa a ƙasar Amurka. Kaburbura huɗu ne kacal a cikinta, duk na sojojin ruwan Birtaniya da suka halaka a watan Mayu na 1942, lokacin da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da jirginsu mai suna HMT Bedfordshire. Ocracoke na cikin jerin siraran tsibiran yashi da ake kira Outer Banks, waɗanda suka shiga tsakanin gaɓar jihar da Tekun Atilantika.

Asalinta

Da Amurka ta shiga yaƙi a watan Disamba na 1941, ba ta da isassun jiragen da za su tsare gaɓarta ta gabas. Tun daga Janairun 1942 Jamus ta tura jiragenta na ƙarƙashin teku can, suka yi ta farautar jiragen dakon mai da na kaya. Garuruwan bakin teku sun daɗe ba su fara kashe fitilu da dare ba, don haka hasken gari yakan fito da surar jirgi sarai ga mai kwanton ɓauna. Wannan sakaci ya ci rayuka da yawa, musamman a wajen Cape Hatteras, wani tsinin ƙasa a Outer Banks, inda mazauna tsibiran kan hangi jirage na ci da wuta daga ƙofar gidajensu.

Ganin haka Birtaniya ta ara wa Amurka jiragen kamun kifi 24 waɗanda aka ɗora wa makamai. Bedfordshire na cikinsu. An ƙera shi a Ingila a 1935 don kamun kifi, rundunar ruwa ta karɓe shi a 1939, aka sa masa bindiga da bama-baman da ke fashewa a ƙarƙashin ruwa. Daga tashar Morehead City da ke gaɓar Carolina ta Arewa yake fita sintiri. A daren 11 ga Mayu, wayewar 12, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-558 da Günther Krech ke jagoranta ya harbe shi. Mutum 37 ne a ciki, ba wanda ya tsira, kuma ko saƙon neman agaji bai samu aikawa ba. Shi ya sa aka yi kwanaki hukuma ba ta san jirgin ya nutse ba.

Waɗanda ke kwance a wurin

Ranar 14 ga Mayu igiyar ruwa ta kawo gawa biyu bakin tsibirin. Ɗaya ta hafsa Thomas Cunningham ce, ɗayar kuma ta Stanley Craig, mai aikin wayar tangaraho. Bayan kamar mako guda aka tsinci wasu biyu a teku, waɗanda har yau ba a san sunayensu ba. Wani iyali na tsibirin, gidan Williams, suka ba da fili kusa da maƙabartar danginsu.

Labarin gane gawar Cunningham shi ne abin da mutanen Ocracoke suka fi riƙewa. Makonni kaɗan kafin nan, Aycock Brown, mai bincike na rundunar ruwan Amurka, ya je Bedfordshire neman tutocin Birtaniya da za a lulluɓe gawawwakin ma'aikatan jirgin dakon mai San Delfino. Cunningham ne ya ba shi, har da ƙari a kan abin da ya nema. Brown ɗin ne ya zo ya shaida gawarsa, kuma da ɗaya daga cikin ragowar tutocin aka yi masa sutura.

Kulawa da ziyara

A 1976 aka ba Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila hayar filin har abada. Wannan hukumar ce kuma ke kula da kaburburan sojojin Afirka ta Yamma da suka faɗi a yaƙin Bama. Galibi ana cewa filin ya zama ƙasar Birtaniya, amma haya ce, ikon ƙasa yana hannun Amurka. Shara da gyaran yau da kullum kuwa dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ke yi, tare da 'yan sa-kai.

Mai ziyara zai tarar da fararen duwatsun kabari huɗu cikin shingen katako, da tutar rundunar ruwan Birtaniya a sama, da wani dutse da aka sassaƙa sunayen duk ma'aikatan jirgin a jikinsa. Wurin yana cikin ƙauyen Ocracoke, ana iya taka masa da ƙafa daga tashar jirgi, kuma ba a biyan ko kwabo. Tsibirin ba shi da gada, saboda haka yawancin baƙi jirgin fito suke shiga daga Hatteras, ko Cedar Island, ko Swan Quarter. Kowace shekara a watan Mayu ana taron tunawa, inda wakilan sojojin ruwan Birtaniya da na Kanada da na Amurka ke ajiye furanni, a karanto sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata maƙabartar irinta a Buxton da ke tsibirin Hatteras, mai kabari biyu, ita ma ana yi mata nata taron a wannan makon.