Ƙwarin Mun San Su da Hausa, Gubar Kuwa da Turanci Take Zuwa

A aikinmu na bin gida-gida na shiga wani gida a unguwar Kurna ta Kano, lokacin damina ta kankama. Hajiyar gidan ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga lissafo abin da ke hana su barci: sauro, kuɗin cizo a ɗinkin katifa, kyankyaso a banɗaki, ga kiyashi a kwanon sukari. Ko ɗaya ba ta rasa sunansa ba. Na ce, "Hajiya, me kuke sa musu?" Sai ta aiki jikarta ta jawo wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin gado, wurin da jariri ke rarrafe. Rubutun jikinta duk Turanci ne, kuma babu wanda ya taɓa karanta shi, har jikar da ke aji biyu a ƙaramar sakandare.

Abin da ke ciki dichlorvos ne, wasu kan rubuta DDVP. Shi ake tsinkawa a sayar mana da sunan fiya-fiya. Maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, kuma tun 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana baza shi a kasuwanni da kantuna. Amma yana nan a gidajenmu, wani lokacin ma a cikin gorar lemo.

Ba cewa nake kowa ya koma makaranta ba. Kalmomin da ake bukata ba su da yawa. A jikin kwalbar magani, kalmar da ta ƙare da "cide", kisa take nufi: insecticide na ƙwari, rodenticide na ɓera, herbicide na ciyawa. Repellent kuwa kora kawai yake yi, kamar man da ake shafawa don sauro. Mu da Hausa duk ƙwaro ƙwaro ne, amma a Turanci insect sai mai ƙafa shida. Kaska takwas gare ta, kamar gizo-gizo, shi ya sa nata maganin sunansa daban, acaricide. Masu kiwon raguna a gida su riƙe wannan, kuma su tambayi likitan dabbobi kafin su zuba wa dabba komai.

Wadda na fi so yara su sani ita ce larva. Leƙa tsohuwar taya ko randar da aka bari a buɗe, za ka ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, da inuwarka ta faɗa kansu sai su nutse. Su ne larva, 'ya'yan sauro. A zafin Kano, cikin mako guda zuwa kwana goma sun yi fiffike. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro sunansa Anopheles, macen ce ke cizo, da dare, kuma ta fi son kwantaccen ruwan sama a ramuka da kududdufai. Kifar da ruwa, cike rami da kwana cikin gidan sauro sun fi feshi amfani, kuma ba sa shaƙe kowa.

Idan ka ga poison, ko hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, ko jan layi a gindin takardar, wannan mafi haɗari ne. Sai fumigant, wato ƙwayar da 'yan hatsi irin na kasuwar Dawanau ke sakawa a sito. Da ta sha danshi take fitar da iska mai guba. Don Allah kada a saka ta a ɗaki saboda kuɗin cizo, ko a gidan da mutane ke kwana, ko da ɗakin a rufe yake. A fitar da katifa rana, a wanke zannuwa da ruwan zafi, a liƙe tsagar bango.

In tsautsayi ya faru, ka ga yaro yana dalalar da miyau, yana gumi, amai, numfashi na sarƙewa, a fitar da shi iska, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Murtala ko Malam Aminu Kano, kuma a tafi da kwalbar, domin sunan da ke jikinta ne zai nuna wa likita allurar da zai yi.