Waiwaye: Wa Ke Auna Sharar Sakkwato?

A zamanin Turawa, idan ana maganar tsafta a Sakkwato, duba-gari ake nufi. Zai shiga gida ya leƙa randa da masai, wanda ya kama da ƙazanta a ci shi tara. Ladabtarwa aka aiko shi yi, ba ƙirga ba. A kan wannan turba tsaftar ƙarshen wata ta zo a 1985, lokacin Buhari da Idiagbon: a fito a share, a tara, mota ta kwashe. Nawa aka kwashe, ina aka zubar, ba a saba gaya wa talaka ba.

Sharar gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, a 1988 ita ta farkar da gwamnatin tarayya, ta kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, FEPA, a shekarar. Ma'aikatar Muhalli ta biyo baya a 1999, sai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, shekarar da aka yi dokar ƙididdiga ta ƙasa. Amma duk wannan can sama ne. Tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ɗora wa kwashe shara, birnin Sakkwato kuwa tuni ya wuce Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya kutsa Wamakko da Dange Shuni da Kware, ga kuma hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA. Da aiki ya rarrabu haka, lissafinsa ma sai ya rarrabu.

A Mayun 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Jihohi da dama suka ce ba ta shafe su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta shafe su.

To, an buɗe ƙofa, saura abin da za a tarar a ciki. Abin da ba a auna ba, ba yadda za a yi a wallafa shi, kuma nan ne abin ya fi damuna. Waɗanda suka fi kowa riƙe sikeli a harkar nan su ne 'yan gwangwan. Yaron bola jari ya kawo ƙarfe ko roba, a ɗora a kan kilo, a biya shi nan take. Dila ya san abin da ya loda wa mota. Manoman gefen gari ma sun san yawan takin bolar da suke kaiwa gona. Wannan ilimi yana hannun talakawa, kuma ya cancanci shiga takardar gwamnati.

Mutumin Mabera da leda ke toshe wa magudana duk damina haƙƙinsa ne ya ji mota nawa ke aiki, sau nawa ta shigo unguwarsu a wata, da kuɗin da aka kashe. A karanta masa da Hausa a Rediyon Rima, a kuma liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma.