Shin Iyayenmu Ne Kaɗai Suka Ƙi Karatun Boko?

An daɗe ana cewa Arewacin Nijeriya ta yi baya a karatun boko ne don kawai iyaye sun ƙi kai 'ya'yansu makaranta. Ba shakka an yi ƙyamar bokon, domin mutanen da suka daɗe da makarantun allo da na ilimi da rubutun ajami sun ji tsoron kada a raba yaransu da addini. Amma wannan ba shi ne dukan labarin ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, shugabansu a Arewa, Lugga (Frederick Lugard), ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, alhali su ne suka yaɗa boko a Kudu, inda Legas ta samu makarantar sakandare tun 1859. Gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba ta cike giɓin ba, domin bukatarta ita ce 'yan tsirarun malamai da ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna. Makarantar da Baturen nan Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta fi karkata ga 'ya'yan sarakuna da malamai, kuma sai a 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina.