Wai me manomi zai koya wa masanin kimiyya kan alkama?

*Ba masu bincike ke fitar da sabon iri ba, ina ruwan manomi a ciki?*

Su ke fitarwa, amma sau da yawa irin da ya yi kyau a gonar gwaji, inda akwai taki da ruwa a kan kari, idan ya je gonar talaka sai ya ba da kunya. Shi masani yawanci buhu nawa hekta ta bayar yake kallo. Manomi kuwa da ya shiga gona ya kama zangarniya ya murza a tafin hannu, ya duba kaurin kara, ya ga ko za ta nuna kafin ruwa ya ɗauke, toh ya gama karanta ta, kuma wannan karatun ba a makaranta ya same shi ba, gado ne.

*A ina aka gwada haɗa su biyun?*

Habasha. Can suna da alkamar durum, wadda ake taliya da makaroni da ita, irin gado iri-iri da suke shukawa a kan tsaunukan Amhara da Tigray tun kaka da kakanni. Masu bincike daga Pisa ta Italiya tare da na Habasha suka shuka ɗaruruwan iri, suka kira manoma maza da mata suna bi layi-layi suna ba kowanne maki. Sai aka ɗauki makin nan aka gwama da ƙwayoyin halittar kowane iri, kuma abin mamaki aka ga zaɓin manoman ba shaci-faɗi ba ne, akwai wurare a jikin ƙwayar halittar da suka yi daidai da abin da idonsu ya so. Kenan in an san wurin, tun alkama tana ƙaramin tsiro za a iya gane wadda manomi zai so ba sai an jira girbi ba.

Sa mata a ciki ya burge ni gaskiya, domin su ke niƙa su ke tuƙi, sun fi kowa sanin gari mai kyau.

*To me ya sa ake komawa tsohon iri, ba na zamani ya fi yawan amfani ba?*

Ya fi, idan komai ya tafi daidai. Matsalar irin zamani duk kusan dangi ɗaya ne, cuta ɗaya sai ta kwashe su. A 2013 cutar tsatsa ta afka wa wani iri mai suna Digalu da manoman Habasha suka rungumi shukawa, asara ba kaɗan ba. A Ingila kuma akwai tsofaffin iri 827 da wani Watkins ya tattaro daga ƙasashe 32 wajen shekarun 1920 zuwa 1930, da aka bincike su a 2024 aka ga alkamar zamani daga gida 2 kacal ta fito cikin gidaje 7 na asali. Sauran biyar ɗin an bar su a ajiye.

*Wannan ba GMO ba ne, wato irin da ake sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin gwaji?*

A'a. Barbara ce tsakanin alkama da alkama, sai zaɓe. Abin dai na cin lokaci, shekara goma ba wani abu ba ne.

*Mu nan Arewa fa?*

Mu damuwarmu zafi ne. Alkamar Kadawa da kwarin Haɗejia da Bakolori ta rani ce, sanyin hunturu take so, shi ya sa ake cewa a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, wanda ya makara zafin Maris zai riske ta tana cika ido sai ƙwayar ta motse. Cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin alkama a Najeriya, kuma tana aiki da ICARDA, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noma a busassun yankuna, kan iri masu jure zafi. A ganina manomin Kura da ya shekara ashirin yana ban ruwa, kamata ya yi a kira shi gonar gwaji tun layuka suna da yawa ya zaɓa da kansa, ba sai an gama an raɗa wa iri suna sannan a kawo masa a buhu ba.