Taƙaddamar Gdańsk da Danzig a Wikipedia

Taƙaddamar Gdańsk da Danzig saɓani ne da ya daɗe tsakanin editocin sa kai na Wikipedia ta Turanci, kan sunan da za a riƙa kiran wani birni na gaɓar Tekun Baltik da shi a maƙalolin tarihi. Birnin yana ƙasar Polan a yau, kuma mutanen ƙasar Gdańsk suke ce masa. Jamusawa kuwa, waɗanda su ne mafi yawan mazaunansa na ɗaruruwan shekaru kafin 1945, da Danzig suka san shi. An fara ja-in-ja tun kundin yana jariri, ƙura ba ta lafa ba sai a farkon 2005, lokacin da editocin suka kaɗa ƙuri'a suka yanka tarihin birnin zamani-zamani, kowane zamani da sunansa. Da wannan matsaya ake aiki har yanzu. Tana cikin misalan da aka fi kawowa idan ana maganar yadda mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, kuma ba a biyan su ko kwabo, suke sasanta kansu a kan tarihi mai ciwo.

Asalin sunayen biyu

An fara ambaton garin a rubuce cikin tarihin rayuwar Adalbert, wani bishop da ya ratsa ta wurin a 997 a hanyarsa ta zuwa wa'azi. Daga tsohon sunan nan guda ɗaya sunayen biyu suka tsiro, kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda ya dace da bakinsa. Garin yana kusa da inda kogin Vistula yake shiga teku, don haka mafi yawan hatsi da katakon da ake saukowa da su daga cikin Polan ta nan suke fita. Wannan ne arzikinsa, shi ne kuma ya jawo masa idon masu ƙarfi.

A 1308 mayaƙan Teutonic, wata rundunar Kiristoci ta Jamusawa, suka ƙwace garin suka kashe mutane da dama. A 1454 mutanen birnin suka yi wa rundunar tawaye suka yi mubaya'a ga sarkin Polan, Casimir na Huɗu, yarjejeniyar 1466 kuma ta tabbatar da haka. Daga nan har 1793 birnin yana ƙarƙashin sarautar Polan, amma da 'yancin kansa mai faɗi: majalisarsa daban, kuɗinsa daban, kuma da Jamusanci ake ciniki da shari'a. A 1793 Prussia, wata masarautar Jamusawa, ta haɗiye shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mai da shi birni mai cin gashin kansa, daga 1920 zuwa 1939, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanensa Jamusanci suke yi. A nan aka yi harbin farko na Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 1 ga Satumba 1939, lokacin da jirgin ruwan yaƙin Jamus ya buɗe wuta kan sansanin sojojin Polan da ke Westerplatte. A Maris 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga birnin, wanda yaƙin ya mai da kufai. Jamusawan da ba su gudu ba aka kore su, aka kawo mutanen Polan, da yawansu su ma korarru ne daga yankunan gabas da Sobiyet ta ɗauke. A tashar ƙera jiragen ruwa ta wannan birni ne yajin aikin 1980 ya haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność ƙarƙashin Lech Wałęsa.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai gane me ya sa suna ya zama abin faɗa. Bahaushe ya ce suna linzami ne. Ga jikan wanda aka kora a 1945, a rubuta cewa an haifi kakansa a Gdańsk tamkar a kore shi karo na biyu ne. Ga ɗan Polan da ya san abin da mamayar Nazi ta yi wa danginsa, ganin Danzig a kundin da duniya take karantawa yana tuna masa da waɗanda suka yi da'awar garin da bindiga.

Yadda rikicin ya kasance

An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu 2001, bisa tsarin cewa kowa na iya gyara kowane shafi. Kowace maƙala tana da shafuka biyu a bayanta. Ɗaya na tarihin gyare-gyare ne, inda ake ganin wa ya canza me da kuma yaushe. Ɗayan shafin tattaunawa ne, zauren da editoci suke zama su yi musu.

Wanda ya buɗe tarihin gyare-gyaren maƙalar birnin na shekarun farko zai ga layi bayan layi, kusan duk a kan kalma ɗaya. Wannan ya cire Danzig ya sa Gdańsk, kafin awa guda wani ya mayar, gari na wayewa an sake juyawa. Sunayen biyu kowanne haruffa shida ne, saboda haka girman maƙalar ma da ƙyar yake motsawa, sai dai zuciya da take ta tafasa a 'yan kalmomin da kowa yake bari don bayyana dalilin gyaransa. Wannan ne editoci suke kira yaƙin gyare-gyare.

Da a maƙala ɗaya abin ya tsaya, da an kulle ta an huta. Amma birnin yana fitowa a ɗaruruwan maƙaloli: na yaƙe-yaƙe, na yarjejeniyoyi, na jiragen ruwa, na mutanen da aka haifa a can. Masanin falsafa Arthur Schopenhauer misali ne mai kyau. An haife shi a birnin a 1788, Bajamushe ne da Jamusanci ya yi rubutu, amma a ranar haihuwarsa garin na sarkin Polan ne, kuma mahaifinsa ya kwashe iyali zuwa Hamburg a 1793 don ba ya son zama ƙarƙashin Prussia. A wane gari za a ce an haife shi? Haka masanin taurari Johannes Hevelius, wanda mutanen Polan suke kira Jan Heweliusz: mai Jamusanci ne, amma sarki Jan Sobieski na Polan ya tallafa masa, shi kuma ya raɗa wa wani rukunin taurari sunan garkuwar sarkin. Daniel Fahrenheit, mai ma'aunin zafi, shi ma ɗan garin ne. Kowane ɗaya daga cikinsu ya zama sabon fagen fama.

Abin da ya ƙara wahalar da lamarin shi ne kowane ɓangare yana da hujja ta gaske daga cikin ƙa'idojin kundin. Ƙa'ida ta ce a yi amfani da sunan da masu karanta Turanci suka fi sani. Masu son Gdańsk suka ce ai shi ne a taswira da jarida da tikitin jirgi. Masu son Danzig suka ce littattafan tarihi na Turanci da ke magana kan zamanin da ya gabaci 1945 da Danzig suke kiransa, kuma babu mai neman birni mai cin gashin kansa na 1920 da wani suna daban. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Kayan sasantawa

Ginshiƙan aikin Wikipedia uku ne: rubutu ba tare da ɗaukar ɓangare ba, dogara da madogarar da mai karatu zai iya bincikawa, da hana edita shigar da binciken kansa. A maƙalolin tarihi waɗannan suna raba gardama da yawa. Kisan 1308 misali ne: tsofaffin takardun ƙara da aka kai gaban Fafaroma sun ambaci mutum 10,000, masanan zamani da dama kuwa suna ganin adadin bai kai ko kusa da haka ba. Edita ba shi da ikon zaɓen ɗaya. Sai ya rubuta cewa wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, ya nuna wace magana ce ta fi rinjaye a wurin masana. Amma suna ba ya rabuwa haka. Jumla dole ta kira garin da wani abu, kuma wanda aka fara ambata shi ne ya ci.

Sauran kayan aikin na tsare hanya ne. Masu gudanarwa, waɗanda su ma 'yan sa kai ne da jama'a suka zaɓa, suna iya kulle shafi ko toshe edita. A ƙarshen 2003 aka kafa kwamitin sasanci, sai dai hurumin wannan kwamiti halin editoci ne, ba ya yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya a tarihi. A ƙarshen 2004 kuma aka ba masu gudanarwa ikon hukunta duk wanda ya warware gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24. Wannan doka ta rage gudun yaƙin, amma ba ta faɗi sunan da za a tsaya a kai ba. Ɓangaren da ya fi yawan mutane a farke shi ke da shafin a wannan dare.

Ƙuri'ar 2005

Daga Fabrairu zuwa farkon Maris 2005 aka buɗe shafi na musamman don kaɗa ƙuri'a. Hikimar da aka yi ita ce ba a tambayi jama'a tambaya guda ba. An yanka tarihin a 1308, 1454, 1466, 1793 da 1945, kowane yanki da ƙuri'arsa, sannan aka ƙara tambayoyi kan tarihin rayuwar mutane da kan yadda za a tilasta bin sakamakon. Da haka mutum zai iya yarda da Gdańsk a wani zamani ya yarda da Danzig a wani, ba tare da ya ji ya sayar da gida ba.

Sakamakon ya tsaya kamar haka. Kafin 1308 da kuma bayan 1945 a rubuta Gdańsk. Tsakanin 1308 da 1945 a rubuta Danzig. A karon farko da aka ambaci birnin a kowace maƙala a sa ɗayan sunan a cikin baka, kuma wannan ya shafi sauran garuruwan da Jamus da Polan suka yi tarayya a tarihinsu, kamar Szczecin da Jamusawa suke kira Stettin. A tarihin rayuwar wanda babu shakka Bajamushe ne a gabatar da Danzig, a na wanda babu shakka ɗan Polan ne a gabatar da Gdańsk. Wanda ya mayar da shafi don ya dace da wannan matsaya, dokar sau uku ba ta hau kansa ba. Wanda kuma ya nace da saɓa mata bayan an yi ta gargaɗinsa, za a ɗauke shi a matsayin mai ɓarna.

Suka

Ƙuri'ar ta ci karo da wata ƙa'idar kundin kanta, wadda ta ce ijma'i ake nema ta hanyar auna hujjoji, yawan hannu ba ya zama hujja. An kuma yi ƙorafi kan ƙuri'un da aka ƙi ƙirgawa, na waɗanda ba su da rajista ko sababbin shiga, domin ana tsoron gayya da asusun bogi. Inda aka fi kai ruwa rana shi ne zamanin 1466 zuwa 1793. Editocin Polan da dama sun ga rashin adalci a kira birnin da sunan Jamusanci a shekaru fiye da 300 da ya yi ƙarƙashin sarkinsu, kuma wannan koke yana da nauyi. Kalmar "babu shakka" ita ma ta bar baya da ƙura, domin mutanen da aka fi faɗa a kansu su ne waɗanda akwai shakka. Nicolaus Copernicus, wanda aka haifa a Toruń a 1473, ya ci gaba da zama abin jayayya shekara da shekaru. Marubuci Günter Grass, ɗan birnin da aka haifa a 1927, mahaifiyarsa daga ƙabilar Kashubiya take, mutanen da suke da nasu sunan na uku, Gduńsk, wanda ƙuri'ar ba ta yi komai a kansa ba.

Duk da haka matsayar ta riƙe, kuma dalilin a fili yake. Ba ta ce kowa ya janye abin da ya yi imani da shi game da mai garin ba. Abin da ta nema kawai a bar jumla ta zauna, domin masu son rubuta tarihin ƙera jiragen ruwa ko cinikin hatsi su samu su yi aikinsu. Wannan sulhun masu aiki tare ne, kuma editoci da yawa da suka sha kaye sun bi shi, har suna mayar da gyaran 'yan ƙasarsu idan sun saɓa masa. Wannan hali ya cancanci yabo fiye da ƙuri'ar kanta.

Mai rubutu a Wikipedia ta Hausa ba baƙon irin wannan tambaya ba ne. Labarin jihadin 1804 da ake bayarwa a Sakkwato ba shi ake bayarwa a Tsibiri da Maraɗi ba, inda zuriyar sarakunan Gobir da Katsina na da suke riƙe da sarautunsu har yau. Ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare ɗaya ce a kowane harshe na kundin.

Abin da ya biyo baya

Ba a mai da ƙuri'a al'ada ba. Rikicin sunan Masedoniya tsakanin editocin Girka da maƙwabtansu ya kai gaban kwamitin sasanci a 2009, aka tattauna aka ɗora wa wasu editoci da ba su da ɓangare nauyin auna hujjoji, sannan yarjejeniyar Prespa ta 2018 tsakanin Girka da Masedoniya ta kai ga canza sunan ƙasar a hukumance. Babban birnin Ukraine ya daɗe a matsayin Kiev a kundin Turanci duk da buƙatun da aka yi ta kawowa, sai a Satumba 2020 aka mai da shi Kyiv, bayan manyan kafafen labarai na Turanci sun riga sun sauya. A waɗannan lokuta abin da madogarai suke rubutawa aka auna.

Ita kuwa matsayar 2005 tana nan liƙe a cikin akwatin sanarwa a saman shafukan tattaunawa na maƙalolin da suka shafi yankin. Sabon edita da ya zo da niyyar canza sunan, yawanci wani zai mayar da gyaran nasa, ya nuna masa akwatin, ya ce ya karanta tukuna.