Doka ta 9510 ta Kwarin San Joaquin

Doka ta 9510 ƙa'ida ce da hukumar yaƙi da gurɓatar iska ta Kwarin San Joaquin, a jihar Kaliforniya ta Amurka, ta zartar a watan Disamba na 2005, ta fara aiki a Maris na 2006. Ta ɗora wa masu gina sababbin kantuna, ofisoshi, masana'antu da rukunin gidaje alhakin hayaƙin da gininsu zai jawo, ko da ginin kansa ba shi da bututun hayaƙi ko ɗaya.

Kwarin tamkar kwano yake. Tsaunukan Sierra Nevada sun tare shi ta gabas, na gaɓar teku ta yamma, Tehachapi kuma ta kudu. Da hunturu iska mai ɗumi kan zauna a saman mai sanyi kamar murfi a kan tukunya, sai hayaƙi ya rasa mafita, ya yi kwanaki yana lulluɓe da gari. Shi ya sa Fresno da Bakersfield ba sa rabuwa da jerin biranen da iskarsu ta fi muni a Amurka, cutar asma kuma ta addabi yara a yankin. Mafi yawan iskar NOx, wato gurɓatacciyar iskar da ke fita idan an ƙona mai, da ke haddasa wannan hazo daga ababen hawa take fitowa, musamman tirelolin da ke bin manyan hanyoyi na 99 da na 5. Ita kuwa hukumar yanki ba ta da ikon tsara yadda za a ƙera injin mota, wannan hurumin jiha ne da tarayya. Sai ta koma kan abin da ke kiran motocin.

A ɗauki katafaren kanti a bayan gari. Kafin a buɗe shi, buldoza da motocin haƙa sun yi watanni suna ƙona dizal. Bayan an buɗe, tirela na sauke kaya tun asuba injinta a kunne, masu saye kuma kowa da motarsa domin babu bas a unguwar. Duk wannan hayaƙi dokar ta lissafa shi a wuyan mai ginin.

Ta shafi ginin kasuwanci da ya kai murabba'in ƙafa 2,000, da rukunin da ke da gidaje 50 zuwa sama. Lokacin gini, dole a rage NOx na injuna da kashi 20 cikin ɗari, ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM10 kuma da kashi 45. Bayan an fara amfani da wurin, ana son ragin kashi 33.3 na NOx da kashi 50 na PM10 cikin shekaru goma. Mai gini na iya cika wannan a wurin ginin: ya kawo injuna sababbi, ya shimfiɗa hanyar ƙafa da ta keke, ya gina kusa da tashar bas. Abin da ya gaza ragewa sai ya biya kuɗinsa bisa kowane tan na hayaƙin, hukumar ta yi amfani da kuɗin wajen sauya tsofaffin taraktoci, famfunan ban ruwa da manyan motoci.

A nan ne raunin dokar yake. Sauya tarakta a wata gona mai nisa yana gyara lissafin kwarin baki ɗaya, amma iyalin da ke maƙwabtaka da ɗakin ajiyar kaya suna ci gaba da shaƙar dizal a ƙofar gidansu.

Ƙungiyar masu gina gidaje ta ƙasa ta kai ƙara, tana cewa hukumar ta shiga hurumin tarayya kan injunan gini. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 9 ta tabbatar da dokar a Disamba na 2010. A Mayu na 2021 hukumar iska ta yankin Los Angeles ta bi wannan sahu da Doka ta 2305, wadda ta shafi ɗakunan ajiyar kaya masu murabba'in ƙafa 100,000 zuwa sama.