Kawar teku da masu bincikenta: amsoshin tambayoyin Damagarawa

Daga Damagaram zuwa gaɓar teku tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, amma labaran cibiyoyin da ke binciken kawa da danginta suna shigo mana ta waya, mutane kuma suna tambaya. Ga waɗanda aka fi yi.

Wai mece ce kawa, kuma me ya haɗa mu da ita?

Dabbar ruwa ce mai laushin jiki da ke zaune tsakanin ɓawo biyu masu tauri. Idan ana maganar masu ɓawo, akan haɗa ta da ƙaguwa, jatan lande da dodon koɗin teku. Alaƙarmu da su tsohuwa ce. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Damagaram da Kano ɓawon wani ƙaramin dodon koɗi ne, akasarinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. A yau ma, mai kiwon kajin ƙwai ya san dakakken ɓawon kawa da ake zubawa cikin abincinsu. Idan kalsiyam, sinadarin da ke gina ɓawo, ya yi ƙaranci, sai ka ɗauki ƙwai ya fashe maka a hannu.

Me suke yi a waɗannan cibiyoyi?

Yawancin aikin awo ne da jira. Kullum ana auna zafin ruwa, gishirinsa da tsaminsa. Akwai ɗakin ƙyanƙyasa cike da manyan tankuna, inda ƴaƴan kawa, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, ke iyo mako biyu zuwa uku kafin kowace ta sami abu mai tauri ta manne. Inda ta manne, nan za ta ƙare rayuwarta. A gefe kuma ana noma musu abinci, wato gansakukar ruwa, cikin kwalabe masu launin kore da ruwan ƙasa.

Sai yaƙi da cuta. A Faransa, wajen 1970, cuta ta share irin kawar da suke kiwo, sai da aka kawo wani iri daga Japan. Daga 2008 wata ƙwayar cutar ta riƙa kashe ƙanana da yawan gaske. Hukumar binciken teku ta ƙasar, Ifremer, tana da tasha a La Tremblade da ke aikin zaɓo irin da ke jure cutar.

Ana ta cewa teku na yin tsami. Da gaske ne?

Da gaske ne, sai dai ba tsamin da harshe zai ji ba. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da hayaƙin injuna da masana'antu ke fitarwa. Ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, a saman teku ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. A ido kamar ba komai, amma ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100. Jaririyar kawa kuwa cikin kwana biyun farko take gina ɓawonta, ruwa mai tsami yana hana ta samun kayan ginin.

An ga haka ƙiri-ƙiri a jihar Oregon ta Amurka a 2007 da 2008, lokacin da ƴaƴan kawa suka riƙa mutuwa a gidan ƙyanƙyasa na Whiskey Creek. Da farko an ɗora laifin kan ƙwayar cuta, aka yi ta tace ruwa, mutuwa ba ta tsaya ba. Da masana jami'ar jihar suka dasa na'urar awo, sai aka gano iska ce ke taso da ruwan ƙasan teku mai tsami zuwa gaɓa. Maganin? Zaɓen lokacin jan ruwa, da zuba garin soda, ɗan'uwan kanwa, a tankuna. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami ta san dabarar. Amma tanki ake iya yi wa haka. Teku ya fi ƙarfin kanwar kowa.

Me ya sa ake yabon kiwonta a kan na kifi?

Don ba a saya mata abinci. Mai kiwon tarwaɗa ya san rabon da abinci ke ci a jarinsa. Ita kawa tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki. Babba guda, idan yanayi ya yi mata daidai, tana iya tace lita wajen 190 a yini. Tarin kawa da suka manne wuri ɗaya yana karya ƙarfin igiyar ruwa, ƙananan kifaye kuma su sami mafaka. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na irin wannan tari ya ɓace a duniya. Shi ya sa a birnin New York, tun 2014, ake tattara ɓawo daga gidajen abinci ana mayarwa ruwa don ƙanana su manne, da burin kai biliyan ɗaya nan da 2035.

Kada dai yabon ya yi yawa. Kawa ba ta maye gurbin gyaran magudanar ƙazanta, abin da ta tace a jikinta yake zama.

Wannan duk aikin Turawa ne, ko akwai namu a ciki?

Akwai, kuma a ganina nan ne labarin ya fi armashi. A Afirka ta Yamma sana'ar mata ce. Suna shiga kwalekwale idan ruwa ya janye, su ɓamɓaro kawa daga saiwar itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A da wasu kan sare saiwar gaba ɗaya don sauri, baɗi a rasa itace a rasa kawa.

A Gambiya, Fatou Janha ta kafa ƙungiyar mata ta TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon ɗibar kawa a dausayin Tanbi, kusa da Banjul, su kaɗai. Su da kansu suka amince da rufe ɗiba wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni. Kawa ta samu ta girma, farashinta ya tashi. Matan bakin kogin Densu a Gana sun bi sahu da hutun wata biyar, masanan jami'ar Cape Coast na taya su awon ruwa. Masani ya faɗi lokacin haihuwa, amma wadda ta tabbata wurin nata ne, ba wanda zai zo da dare ya kwashe, ita ce ke iya haƙurin wata takwas.

Ya halatta a ci?

A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin ruwa halal ne. Hanafiyya ce ta taƙaita ga kifi. Abin kiyayewa shi ne lafiya. Ɗanyar kawa na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman lokacin zafi, don haka a dafa sosai. Akwai kuma dafin wata gansakuka da wuta ba ta kashewa, wanda sai awo ke gano shi.

To za a iya kiwonta a tafkin Gidimuni?

Ta teku kam a'a, sai da ruwan gishiri mai shiga da fita. Akwai wata kawar ruwan daɗi a kogin Kwara, amma ita ma ta fi son ruwa mai gudu da duwatsun mannewa. Masuntan tafkunanmu sun fi buƙatar sanin watan da kifinsu ke zuba ƙwai, da yarjejeniyar ɗaga koma a lokacin, wadda mai gari da sarkin ruwa za su tsaya a kanta.